Gajerun Fina-finan Barkwanci Marasa Magana Da Suka Ɓace: Tambayoyi Da Amsoshi

Daga shekarar 1895 zuwa ƙarshen shekarun 1920, kamfanonin fim a Faransa da Amurka da Italiya da Ingila sun shirya dubban gajerun fina-finan ban dariya waɗanda ba a jin muryar kowa a cikinsu, kuma mafi yawansu a yau babu su ko sama ko ƙasa. Ga amsoshin tambayoyin da mai sha'awar tarihin sinima ya fi yi idan wannan labari ya fara shiga kunnensa.

Wane irin fim ake nufi da gajeren fim na barkwanci marar magana?

A wancan zamani da naɗi ake auna tsawon fim. Naɗi ɗaya zaren fim ne mai tsawon ƙafa 1,000, wanda majigi ke cinyewa cikin minti 10 zuwa 15, gwargwadon saurin hannun mai juya shi. Fim ɗin barkwanci yakan zama naɗi ɗaya ko biyu, kuma ana nuna shi tare da labarai da wasu gajerun fina-finai, daga baya kuma ya zama share fage kafin babban fim. Idan akwai maganar da ta zama dole a sani, sai a rubuta ta a allo a saka tsakanin hotuna, mai kaɗa fiyano kuma yana zaune a gaban zauren yana bin abin da ke gudana da kiɗa. Tun da babu murya, dariyar duka a jiki take: faɗuwa, da guje-guje, da jifa, da kallon da ɗan wasa zai yi wa kyamara a daidai lokacin da ya kamata.

Ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne wanda 'yan'uwa biyu Faransawa, Lumière, waɗanda ke cikin magabatan sinima, suka nuna a Paris a 1895, wanda bai kai minti ɗaya ba. Mai ban ruwa yana aiki a lambu, wani yaro ya lallaɓo ya taka tiyo, ruwa ya tsaya, mutumin ya juyo bakin tiyon yana leƙawa, yaron ya ɗage ƙafa. Wannan ya tsira, ana iya kallonsa har yau.

Yaushe ake cewa fim ya ɓace?

Ana faɗin haka idan ba a san da kwafinsa ba a kowace ma'adanar fina-finai ko a hannun wani mai tara su. Amma ɓacewar hawa-hawa ce. Akwai wanda babu ko taƙi ɗaya na zarensa, akwai wanda naɗi ɗaya ya rage cikin biyu, akwai kuma wanda yake nan amma a kwafin da aka datse aka sake wa suna domin wata kasuwa, har ba a iya sanin yadda masu shi suka tsara shi tun asali.

Nawa ne suka ɓace?

Ƙididdigar da aka fi dogara da ita ita ce wadda David Pierce ya yi wa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, aka wallafa a 2013. Ya bi diddigin dogayen fina-finai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a Amurka daga 1912 zuwa 1929, ya tarar kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya, kashi 14 ne kacal suka rage cikakku a asalin zarensu. Wannan lissafi na dogayen fina-finai ne kawai, waɗanda su ne kamfanoni suka fi kashe wa kuɗi, suka fi darajantawa. Halin da gajerun suka shiga ana ganinsa a ayyukan fitattun 'yan wasan lokacin. John Bunny na kamfanin Vitagraph, wanda kafin rasuwarsa a 1915 yana cikin fuskokin da aka fi sani a duniyar sinima, ya fito a gajerun fina-finai fiye da 150, amma 'yan kaɗan ne suka iso gare mu. Harold Lloyd ya yi sama da 60 a matsayin Lonesome Luke tsakanin 1915 da 1917, ƙalilan ne suka rage.

Me ya sa masu su ba su adana su ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin mutane da yawa sun ɗauka gobara ce ta yi ɓarnar duka. Gobara ta yi tata, amma babban dalili shi ne masu fina-finan ba su taɓa ɗaukarsu abin ajiya ba. Ƙananan gidajen sinima na farkon ƙarni na 20, inda kuɗin shiga santi biyar ne a Amurka, suna canza shiri sau da dama a mako, saboda haka kamfani kamar Keystone, wanda Mack Sennett ya kafa a 1912, ba ya rabuwa da sabon fim a kowane mako. Fim ɗin da ya gama zagayensa ya zama kamar jaridar jiya, wadda ba ta da sauran amfani sai ƙunshe ƙosai. Babu talbijin da za a sake nunawa, babu kaset da za a sayar, ajiyarsa kuma tana cin kuɗin haya da na inshora.

Bayan haka, zaren fim yana ɗauke da azurfa a cikin sinadarin da ke riƙe hoto, kuma akwai masu sana'ar sayen tsohon zare su ciro ta. Don haka kwafin da ya dawo daga gidajen sinima a kece, a goge, hanyarsa ɗaya ce: a daddatsa shi don kada wani ya sace ya ci gaba da nunawa, a sayar wa masu cire azurfa. Da fim mai magana ya shigo a 1927 ya kuma mamaye kasuwa cikin shekara biyu zuwa uku, sai tsoffin fina-finan suka ƙara faɗuwa warwas a idon masu su. A 1948 kamfanin Universal da kansa ya lalata mafi yawan fina-finansa marasa magana da suka rage, kuma shi ne ya rarraba barkwancin kamfanin L-KO, wanda a yau kaɗan ne daga ayyukansa ake da su.

A Faransa ma labarin bai canza ba. Georges Méliès, wanda ya yi fina-finai fiye da 500, da yawansu na siddabaru da ban dariya, ya karye a kasuwa, kuma a 1923 cikin baƙin ciki ya ƙone nagatif ɗin da ke hannunsa, wato asalin zaren da ake buga kwafi daga gare shi. Wajen 200 ne aka tattaro daga baya, daga kwafin da suka warwatsu a ƙasashe. Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne barkwanci ne ya fi cika gidajen sinima, shi ne kuma aka fi rainawa, saboda a ganin manyan lokacin abin da ke sa talaka dariya ba fasaha ba ce da za a tanada wa jikoki.

Mene ne matsalar zaren fim ɗin kansa?

Har zuwa farkon shekarun 1950, zaren da ake nunawa a gidajen sinima da sinadarin naitiret ake yinsa, wanda dangin albarushi ne. Idan ya kama wuta yana samar wa kansa iskar da yake buƙata, shi ya sa ko an nutsar da shi cikin ruwa zai ci gaba da ci. Ko bai ƙone ba yana ruɓewa, musamman a wuri mai zafi da danshi. Da farko hoton yana dusashewa, zaren ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, sai ya fara danƙo yana wari mai hawa kai, sai kumfa ta tsattsafo a saman naɗin, daga nan ya dunƙule ya zama curi ɗaya da ba ya warwaruwa, a ƙarshe wanda ya buɗe gwangwanin ba zai tarar da komai ba sai gari mai launin tsatsa. Iskar da ruɓaɓɓen naɗi ke fitarwa tana kuma harbin na kusa da shi, kuma idan ta taru a rufaffen ɗaki lokacin zafi, tana iya tayar da wuta ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba.

Haka ta faru a ranar 9 ga Yuli, 1937, a rumbun ajiyar kamfanin Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey, ana tsakiyar tsananin zafi. Naɗi fiye da 40,000 suka ƙone, wani yaro da ke maƙwabtaka ya rasa ransa, kuma cikin abin da wutar ta lashe har da nagatif ɗin kamfanin Educational Pictures, ɗaya daga cikin manyan masu rarraba gajerun fina-finan barkwanci a shekarun 1920. Kafin wannan, rumbun kamfanin Lubin a Philadelphia ya ƙone a 1914. A 1943 wuta ta tashi a ɗakin ajiyar da ke gidan Harold Lloyd ta cinye da yawa daga ayyukansa na farko, a 1965 kuma ɗaya daga rumbunan kamfanin MGM a Culver City ya bi sahu.

Waɗanne ne aka fi nema a cikin waɗanda suka ɓace?

Na gaba-gaba shi ne Hats Off, wanda Stan Laurel da Oliver Hardy suka yi a kamfanin Hal Roach a 1927, a shekarar da suka fara zama tagwayen wasa. Labarinsa sananne ne duk da babu mai iya kallonsa: su biyun dillalan injin wanki ne, suna ta faman hawa da shi wata doguwar matakala a unguwar Silver Lake ta birnin Los Angeles suna saukowa, a ƙarshe rigima ta ɓarke a titi, kowa yana kaɓe hular na kusa da shi har hanya ta cika da huluna. Rabon da a gan shi tun 1930. A 1932 sun koma wannan dabara ta matakala, wannan karon da fiyano, a fim mai magana The Music Box, wanda ya ci kyautar Oscar. Ke nan muna da ɗan, mun rasa uban, kuma ba mu da damar ganin yadda wasansu ya girma a tsakanin shekaru biyar ɗin.

Daga cikin fina-finai sama da 30 da Charlie Chaplin ya yi a Keystone a 1914, Her Friend the Bandit, wanda ya fito tare da Mabel Normand, shi ne ya ɓace. Akwai kuma A Country Hero na 1917, cikin waɗanda Roscoe Arbuckle ya yi da Buster Keaton lokacin da Keaton ke koyon aiki a hannunsa, da Outwitting Dad na 1914, fim ɗin farko na Oliver Hardy.

To, me ya sa na Chaplin kusan duka suka tsira, na wasu kuma suka tafi?

Dalili biyu ne. Na farko, kasuwar Chaplin ba ta taɓa mutuwa ba, saboda haka an buga kwafin fina-finansa masu yawan gaske, an sake fitar da su sau da dama a ƙasashe da yawa, wani lokaci da sabon suna, kuma abin da ya yawaita a duniya yana da wuyar ƙarewa. Na biyu, tun daga 1918 shi ne mai mallakar fina-finansa, yana da kuɗi da niyyar adana su. Lloyd ma ya mallaki manyan fina-finansa na shekarun 1920 ya kuma kula da su. Keaton bai mallaki nasa ba, shi ya sa ya daɗe yana zaton da yawansu sun tafi, har sai da ɗan wasan Ingila James Mason, wanda ya sayi tsohon gidansa a Beverly Hills, ya tarar da tarin gwangwanaye a wani ɗakin ajiya a shekarun 1950. A Faransa, Max Linder, wanda ya riga Chaplin shahara kuma Chaplin ya ɗauke shi malami, ya rasu a 1925 ya bar 'yarsa Maud tana jaririya, ita ce daga baya ta shafe shekaru masu yawa tana bin sawun fina-finan mahaifinta.

Nan ne illar ɓacewar ta fi tsanani. Idan yau aka ce a lissafa gwanayen barkwancin wancan zamani, sunaye uku ko huɗu ake kawowa, kuma babu mai musun gwanintarsu. Sai dai wannan jeri ba 'yan kallon 1915 ne suka tsara shi ba. Abin da ya rage a gwangwani ne ya tsara shi. Ɗan wasan da kamfaninsa ya rushe, ko rumbunsa ya ƙone, ko ya rasu da wuri bai bar mai tsaya masa ba, ya fita daga tarihi ko da a zamaninsa layin masu son kallonsa ya fi na kowa tsawo. Kuma wata dabarar da muke jingina wa wani gwani, mai yiwuwa ne ya ganta a wurin wanda ba mu da sauran fim ɗinsa.

Su wa wannan rashi ya fi shafa?

Mata da baƙaƙen fata. Mabel Normand ba wasa kawai take yi ba, tana ba da umarni a Keystone tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, har a fina-finan da Chaplin ya fito. A Faransa kamfanin Pathé ya yi jerin fina-finan wata fitinanniyar yarinya mai suna Léontine tsakanin 1910 da 1912, wadda ke cika gida da ruwa ko ta hargitsa unguwa, amma sunan matar da ta taka wannan rawa bai shiga kundin tarihi ba. A Chicago, William Foster ya shirya The Railroad Porter a wajajen 1913, gajeren barkwanci da ake lissafawa cikin fina-finan farko da baƙar fata ya shirya da 'yan wasa baƙaƙen fata, kuma ya ɓace. Wannan rashi yana da nauyi, domin abin da ya fi yawa a fina-finan fararen fata na lokacin siffanta baƙar fata ne ta hanyar izgili. An ga ɗan misalin abin da aka yi asara a 2014, lokacin da gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya nuna naɗi bakwai na wani fim da ba a kammala ba, wanda Bert Williams da tawagar 'yan wasa baƙaƙen fata suka ɗauka a 1913.

Idan fim ya ɓace, ta yaya ake sanin abin da ke cikinsa?

Mujallun 'yan kasuwar sinima na lokacin sukan buga taƙaitaccen labarin sababbin fina-finai domin masu gidajen kallo su zaɓa. Akwai kuma hotunan talla, da fastoci, da takardun hukumomin tace fina-finai. Sai dai barkwanci ba ya rayuwa a takarda. Za a iya rubuta cewa mutum ya zame ya faɗi, amma daƙiƙar da ya ɗan tsaya kafin ya faɗi, wadda ita ce dariyar, ba ta rubutuwa.

Wata hanya ta ceci dubban fina-finai ba da niyya ba. Kafin 1912 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta ambaci fim ba, sai kamfanoni suka riƙa buga kowane hoton zaren a kan doguwar takarda suna kai wa Laburaren Majalisa a matsayin hotuna. Takarda ba ta ruɓewa irin ta naitiret, don haka a shekarun 1950 da 1960 aka sake ɗaukar kusan fina-finai 3,000 daga cikinta, hoto bayan hoto.

Ana sake gano wasu kuwa? A ina?

Ana ganowa, kuma sau da yawa a wuraren da suka fi nisa da inda aka yi su, domin garin da yake ƙarshen layin rarrabawa shi ne inda kamfani ba ya son biyan kuɗin dawo da kaya. Dawson City a arewacin Kanada misali ne. A 1929 aka cika wani tsohon wurin ninƙaya da naɗin da ba a nema, aka binne, ƙasar da ba ta rabuwa da ƙanƙara ta riƙe su, har 1978 da masu haƙar gini suka tono naɗi 533. A 2010 ma'adanar fina-finan New Zealand ta mayar wa Amurka fina-finai 75, ciki har da wani barkwanci na 1914 da Mabel Normand ta ba da umarni. The Cook na Arbuckle da Keaton, na 1918, a Norway aka gano shi a 1998, aka ƙara samun wani ɓangare a Holand a 2002. Irin wannan ta taɓa faruwa a gida: fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya daɗe ana zaton ya ɓace kafin a gano zarensa a Nijeriya a 2016, a gyara shi a nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Masu tara fina-finai don sha'awa ma sun yi rawar gani, saboda tun 1922 Pathé ya fara sayar da ƙaramin zare na kallon gida, Kodak, kamfanin da ke yin zaren fim, ya biyo baya a 1923 da zare mai faɗin milimita 16 wanda ba ya kama wuta kamar naitiret, kuma gajeren barkwanci ne ya fi dacewa da wannan kasuwa. A irin wannan zare ne masanin tarihin fim Paul Gierucki ya sayi wani naɗi a kasuwar tsoffin kaya a jihar Michigan, da ya saka a majigi sai ga Chaplin cikin kayan ɗan sanda a A Thief Catcher na 1914, fim ɗin da ba ya ma cikin jerin ayyukansa da aka sani. An nuna shi a 2010. A 2015 kuma Jon Mirsalis ya sanar da samun cikakken naɗi na biyu na The Battle of the Century, na Laurel da Hardy na 1927, wanda ya ƙunshi shahararren faɗan jifa da kek mai kirim wajen 3,000, alhali kafin nan 'yan mintoci ne kawai aka sani daga ciki.

Idan aka samu naɗi babu suna, yaya ake gane shi?

Wannan matsala ce babba, domin farkon zare, inda suna yake, shi ne yake fara tsinkewa. Masana suna duba gefen zaren, inda Kodak ke buga ƙananan alamomi irin su da'ira da murabba'i da ke nuna shekarar da aka yi shi. Suna duba tambarin kamfani da wasu ke mannawa a bangon ɗakin wasa don hana satar fasaha, da lambar mota, da kalandar da ke rataye, da allon shago a titi. Daga 2012 Laburaren Majalisar Amurka ya fara shirya wani taro a cibiyarsa da ke Culpeper a jihar Virginia, inda ake haska irin waɗannan fina-finai, 'yan kallo kuma suna da izinin ɗaga murya su faɗi sunan duk fuskar da suka gane, wasu na bincike a kwamfuta nan take.

A ina za a kalli waɗanda suka rage, kuma me ya kamata wanda ya tsinci tsohon naɗi ya yi?

Duk fim ɗin da aka saki a Amurka a 1929 ko kafin nan ya fita daga haƙƙin mallaka a ƙasar, saboda haka da yawa suna nan kyauta a YouTube da Internet Archive, ma'adanar Eye ta Amsterdam ma ta saka da yawa daga tarinta a intanet. Ya fi kyau a nemi kwafin da aka gyara, domin tsohon kwafin da ake gudanarwa da saurin fim mai magana yana sa 'yan wasa su riƙa zabura fiye da yadda aka tsara. A kowace shekara kuma garin Pordenone na Italiya yana shirya bikin fina-finai marasa magana, tun 1982, inda ake nuna sababbin abubuwan da aka gano tare da kiɗa kai tsaye.

Wanda ya tarar da tsohon zare mai faɗin milimita 35, kada ya saka shi a majigi, kada ya yi ƙoƙarin warware shi idan ya manne, kada kuma ya rufe shi ruf a cikin leda. Ya nisanta shi da wuta da rana da ɗakin kwana, ya ajiye shi a wuri mai sanyi da iska, ya ɗauki hoton gwangwanin da rubutun da ke jikinsa, sannan ya tuntuɓi ma'adanar fina-finai ta ƙasarsa. Ta Nijeriya tana Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Ƙasa.